Sabulun sanda, sabulun ruwa ko kyandir: da wanne ya kamata a fara?

Duk inda aka buɗe ajin koyar da sana'o'in hannu ga mata da matasa, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, da wuya a rasa abubuwa uku cikin darussan: sabulun sanda, sabulun ruwa da kyandir. Ana koyar da su a jere cikin 'yan kwanaki, sai mai koyo ya fito yana ganin sana'a ɗaya ce mai rassa uku, alhali sun sha bamban wajen jarin da suke ci, da haɗarin da ke tattare da su, da tsawon lokacin da kuɗi ke yi a kwance kafin su dawo, da kuma irin mutumin da zai ciro kuɗinsa ya saya. Wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba ba zai iya rungumar ukun a lokaci guda ba, kuma yawancin masu farawa a cikin gida haka suke. A ganina sabulun sanda ne ya fi cancantar a ba shi ƙarfi ga mai neman sana'ar da za ta ɗore, sabulun ruwa ya fi dacewa da wanda ke bukatar kuɗinsa su riƙa juyawa kowane mako, kyandir kuwa bai kamata a sayi kakinsa ba sai an riga an san wanda za a sayar wa. Dalilan da suka sa na ce haka suna cikin kayan haɗin su kansu.

Sabulun ruwa shi ne ya fi sauƙin shiga, shi ya sa ya fi cika da jama'a. Wanda ake haɗawa a bokiti ana ɗurawa a gorunan ruwa babu mai ko kitse a cikinsa. Haɗin sinadarai ne dangin omo, sai dai shi a narke yake. Ginshiƙinsa salfonik ne, wani asid mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ake kashe kaifinsa da kostik soda da soda ash, sannan a ƙara Texapon da SLS domin kumfa, a sa Natrosol ko Antisol domin kauri, a kammala da kala da turare. Masu sayar da sinadarai a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko a Ojota ta Legas inda manyan dillalai suke, sukan auna wa mutum kayan lita 20 ko 25 a ƙulli daban-daban, ya kai gida ya jiƙa kowanne a mazubinsa, ya haɗa su bi da bi, ya bar haɗin ya kwana kumfa ta kwanta, washegari ya fara sayarwa. Ba a hura wuta, ba a jiran bushewa, kuma masu bukata suna nan kusa: masu gidajen abinci, masu wankin mota, makarantu, da matan aure masu wanke-wanke safe da yamma. Yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. A unguwannin da ruwan rijiya ko na burtsatse yake da zartsi, sabulun mai yakan ƙi yin kumfa ya bar wani farin datti a gefen baho, saboda kalsiyam da maganiziyam da ke cikin ruwan suna kama shi su kwantar da shi, amma sabulun ruwa bai damu da wannan ba.

Sai dai sauƙin nasa shi ne rauninsa. Abin da kowa zai iya koya a yini ɗaya, kowa zai iya karya farashinsa, kuma hanyar karya farashin ita ce a ƙara ruwa a ƙara sinadarin kauri, ta yadda ido zai ga abu mai yauƙi alhali ƙarfin wankinsa ya ragu. Mai saye ba ya iya bambance na wance da na wance a cikin gora marar suna, saboda haka mai yin aiki da gaskiya yana shan wahalar samun ladan gaskiyarsa. Mafi yawan nauyin kayan kuma ruwa ne, don haka kai shi nesa yana cinye ribar. Akwai kuma abin da nake roƙon duk mai wannan sana'a ya guje wa, wato fomalin, wanda har yanzu wasu masu shaguna ke ƙulla wa mutane a matsayin maganin lalacewa. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa sinadarin da ke cikinsa a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, tururinsa kuma yana cin ido da maƙogwaro. Gara a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan da ruwa mai tsabta a sayar da wuri, ko a nemi wani sinadarin adanawa da aka yi domin kayan wanki. Wannan haɗin kuma na kwano da mota da daɓe ne, bai dace a sayar da shi da sunan sabulun wanka ba, balle a wanke jariri da shi.

Sabulun sanda wani aiki ne daban, kuma a nan ne ilimin sana'ar yake. Idan mai ko kitse ya haɗu da kostik soda da aka narkar a ruwa, sai su rikiɗe su zama sabulu da gilisarin, wani ruwa mai yauƙi da ke zama a cikin sabulun, kuma kowane mai yana da adadin sodar da yake iya cinyewa, ba ya wuce shi. Kilo ɗaya na man kwakwa yana cin kusan gram 183 na soda, man alayyadi gram 176, manja gram 142, kitsen shanu kusan daidai da manja, man gyaɗa gram 137, man kaɗe kuwa gram 128 kacal. Idan soda ta yi yawa, ragowarta tana nan a cikin sabulun da kaifinta, ita ce ke zaga hannu tana koɗe tufafi. Idan ta yi kaɗan sosai, sai sabulun ya yi laushi ya riƙa tsatsar mai. Shi ya sa masu yin na wanka suke rage kashi 5 cikin 100 daga sodar da lissafi ya ba su, domin a bar ɗan man da bai rikiɗe ba ya tausasa fata.

Kowane mai kuma da halinsa. Alayyadi da man kwakwa su ne masu kumfa da tauri da ƙarfin wanki, har a ruwa mai zartsi suna taɓukawa, amma idan suka wuce kashi ɗaya bisa uku a sabulun wanka sukan busar da fata, abin da ba a so musamman da hunturu. Manja yana ba da tauri da auki, kumfarsa ba ta da yawa amma tana da laushi. Matsalarsa ita ce jan launinsa, wanda ake kashewa ta hanyar ɗora shi a wuta har ya washe, aikin da ke fitar da hayaƙi mai yaji, wanda kuma dole a yi shi a fili a tsaya a kansa. Man kaɗe ba ya kumfa sosai, amfaninsa yana ga fata, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ya wadatar, kuma sunansa kaɗai yana sayar da kaya. Man gyaɗa ban ga dalilin zuba shi da yawa ba: abinci ne mai tsada, sabulunsa yana da laushi, kuma bayan 'yan watanni yakan fitar da ɗigo-ɗigo ruwan lemo masu warin tsohon mai. Wanda na fi ganin an yi wa riƙon sakainar kashi shi ne kitsen shanu, wanda ake samu a mahauta da rahusa. Idan aka yanyanka shi, aka narkar a wuta kaɗan-kaɗan, aka tace, aka sake dafa shi da ruwa da gishiri aka bar shi ya daskare a saman ruwan, yana ba da sabulu fari tas mai tauri, kuma zai iya maye gurbin manja ba tare da an sauya lissafin soda da yawa ba. Man darbejiya da man aduwa ma suna shiga, amma na darbejiya ɗan kaɗan ake sawa saboda warinsa.

Ga misalin haɗi na kilo ɗaya wanda mai farawa zai iya gwadawa: manja da aka kashe wa launi gram 500, alayyadi gram 300, man kaɗe gram 200. Lissafin sodarsa ya kama kusan gram 149, idan aka rage kashi 5 cikin 100 ya dawo gram 142, ruwa kuma ninki biyu na sodar, wato kusan gram 285. Wannan zai ba da sabulu mai nauyin gram 100 kamar guda goma sha biyu bayan ya bushe. Da wannan lissafi mutum zai iya zama da biro da takarda ya san abin da kowane sabulu ya ci kafin ya sayi komai.

A ajujuwa da dama ba wannan hanyar ake koyarwa ba. Ana koyar da a jiƙa soda ta kwana, a tsoma haidiromita, wato ma'aunin nauyin ruwa, a ciki a daidaita sodar da ruwa har ma'aunin ya nuna 1275, sannan a auna gwangwani biyu na mai a kan gwangwani ɗaya na ruwan soda. Hanyar ba ta da laifi a inda aka yi ta dominsa, domin ruwan soda mai wannan nauyi yana ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na soda, wato kimanin gram 320 a kowace lita, kuma lita biyu na alayyadi kusan abin da suke ci ke nan. An gina ma'aunin ne a kan alayyadi zalla. Ranar da alayyadi ya yi tsada mutum ya musanya shi da manja ko man kaɗe bai sauya ma'aunin ba, sai soda ta yi rara mai yawa, domin lita biyu na man kaɗe ba su cin fiye da gram 235. Wannan rarar ita ce take ɓata sunan sabulun gida, har mutane suka ɗauka cewa cin hannu ɗabi'arsa ce. Saboda haka nake ganin ƙaramin sikelin lantarki mai nuna gram ɗaya-ɗaya ya fi kowane kayan aiki muhimmanci a wannan sana'a, ya fi mazubi mai ado, ya fi injin juyawa.

Aikin kansa ba shi da wuya ga wanda ya natsu. Ana zuba soda a cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, domin haɗin yana ɗaukar zafi nan take har ya kusa tafasa, yana fitar da tururi mai shaƙe numfashi. A bar shi ya huce, a narkar da mayukan su ma su dawo ɗumi-ɗumi, sannan a tsiyaya ruwan sodar a cikin man ana juyawa ba tsayawa. Da farko za a ga mai yana yawo a sama, can sai launin ya dushe, haɗin ya game ya yi kaurin kunu, ta yadda idan aka ɗaga muciya aka ɗiga a kai sai sawun ɗigon ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya nutse. A daidai nan ake sa turare da kala, a juye a mazubi. Akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda ya isa. Turaren kuma ya zama na mai, domin mai giya a ciki yakan sandarar da haɗin a cikin bokiti kafin a kai ga juyewa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a fitar a yanka da siririyar waya, a jera a inuwa inda iska ke ratsawa.

Daga nan ne babban nauyin sabulun sanda yake farawa, wato jira. Yana bukatar mako huɗu zuwa shida kafin ruwan jikinsa ya fita ya yi tauri ya yi sanyin taɓawa, kuma duk wannan lokaci jarin yana kwance a kan katako. Wanda abincin gidansa ya dogara ga cinikin yau ba zai iya wannan jiran ba, kuma kada ya yaudari kansa ya fitar da ɗanyen sabulu kasuwa. Akwai hanyar dafawa, inda ake ci gaba da ba haɗin wuta kaɗan-kaɗan har rikiɗar ta kammala a cikin tukunya, wadda ke rage jiran zuwa mako ɗaya ko biyu, sai dai fuskar sabulun ba ta yin sumul. Yanayi ma yana da ta cewa. Da hunturu alayyadi da man kaɗe sukan daskare a jarka sai an narkar, sabulu yana bushewa da wuri, wani lokaci kuma farar ƙura takan fito a samansa, wadda ba ta cutarwa, gogewa kawai ake yi. Da damina gilisarin da ke cikinsa yana jawo laima ya riƙa gumi, sodar da aka bari a buhu a buɗe kuma takan sha iska ta dunƙule ta rage ƙarfi, don haka a ajiye ta a robar da ke rufuwa gam.

Kasuwar sabulun sanda kashi biyu ce, kuma ya kamata a zaɓa tun farko. Na wanki, wanda ake ƙara wa soda ash da siliket, wani sinadarin ƙara tauri da ƙarfin wanki, yana gogayya ne da kayan manyan masana'antun Legas da Aba da Kano, waɗanda ke sayen mai da tanka, ribarsa kuma ba ta fitowa sai an yi da yawa. Na wanka shi ne filin da ƙaramin mai sana'a zai iya yin fice, domin a nan mai saye yana neman abin da ya san tushensa: man kaɗe na gaske, kurkum, garin lalle, zuma, ko gawayi. Mace idan sabulu ya karɓi fatarta ba ta cika sauya shi ba, kuma ita za ta gaya wa ƙawayenta. Jarabawar da ke wannan kasuwa ita ce masu neman a zuba musu sinadaran sauya launin fata. Kuɗin yana da yawa, amma cutarwar da ke biyo baya ga fata da ƙoda ta fi shi, kuma hukumar NAFDAC ta haramta irin waɗannan abubuwa masu ɗauke da makuri, wani ƙarfe mai guba, a kayan shafa da na wanka.

Ga wanda ke tsoron kostik soda akwai wata ƙofa, wato sabulun salo. Asalinsa da ruwan toka ake yi, tokar ɓawon kokon da ake yin cakulan da shi ko na ayaba a kudu da Gana, tokar kara a ƙasar Hausa, kuma da yake fotash ne ke cikin toka, wato ɗan uwan soda mai ba da sabulu marar tauri, sabulun yakan fito da laushi. Yin sa daga tushe yana bukatar gwaninta, domin ƙarfin ruwan toka ba ya zama ɗaya daga wannan tsiyaya zuwa waccan, amma sayen curinsa a daka shi da man kaɗe da sauran kayan gyaran jiki a zuba a robobi sana'a ce da mata da yawa suka riƙe, jarinta kaɗan ne, babu kuma jira.

Maganar soda tana bukatar a tsaya a kanta, domin ta shafi sabulun ruwa da na sanda baki ɗaya. Ruwan soda idan ya kwanta garau yake, ba shi da launi ba shi da wari, kuma likitoci a ƙasashen Afirka ta Yamma sun daɗe suna karɓar ƙananan yaran da suka sha shi da zaton ruwa ne, galibi a gidajen da ake yin sabulu. Yana ƙona maƙogwaro, bayan makonni kuma hanyar abinci takan tsuke, yaro ya kasa haɗiyar ko da koko, wani sai an yi masa tiyata. Kada a taɓa zuba ruwan soda a gorar ruwa ko kwalbar lemo ko kofi, kada a bar shi ya kwana a tsakar gida, a sa shi a ɗakin da ake kullewa. Idan tsautsayi ya auku, kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko lemon tsami, a garzaya da shi asibiti. Idan a fata ko ido ya zuba, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15 zuwa 20. Safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido da riga mai dogon hannu suna cikin jari. Tukunyar dalma, wato ta alminiyam, kuma ba ta shiga wannan aiki ko kusa, domin soda tana cin ta tana fitar da iskar da ke kama wuta. Bokitin roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa ake amfani da shi. Matar da ke zaune a ɗaki ɗaya da yara ƙanana, ba ta da wurin kullewa, wannan kaɗai ya isa ya sa ta jingine sabulu tukuna, ko ta tsaya a kan haɗin salo.

Kyandir ba shi da wannan haɗari, kuma yana da wata rangwame da sabulu ba shi da ita: idan ya ɓaci sai a sake narkar da shi, ba a yi asarar komai ba sai lagwani, ba ya kuma lalacewa a ajiye. Kaki iri uku ne ake zaɓa a ciki. Farafin, wanda ake samu daga tace ɗanyen man fetur, shi ne mafi araha, kuma na kyandir mai tsayuwa yana narkewa ne a wajen digiri 58 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas. Ana ƙara masa kusan kashi 10 cikin 100 na sitiyarik asid domin ya yi tauri ya yi fari ya rage zuba. Kakin zuma yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, yana ci a hankali da ƙamshinsa na asali, kuma a ƙauyuka da dama masu ɗibar zuma suna zubar da saƙar bayan sun matse, don haka wanda ke kusa da su zai iya saye da rahusa ya dafa a ruwa ya tace. Na kasuwa kuwa yana da tsada kuma akan gauraya shi da farafin. Kakin waken soya, wanda ake yayi yanzu, daga waje yake zuwa, yana da laushi, a kofi ko gwangwani kaɗai yake zama, kuma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, yakan yi gumi ya saki turarensa tun yana kan kanta, balle a bar shi a cikin mota.

Ƙwarewar kyandir a lagwani take. Idan ya yi siriri, wutar takan haƙa rami a tsakiya ta nutse ta mutu. Idan ya yi kauri, sai hayaƙi da zuba. Babu hanyar sanin daidai sai an kunna an zauna an kalla, kuma duk lokacin da aka sauya kaki ko faɗin mazubi ko turare sai an sake gwaji. Ana narkar da kaki ne a tukunya cikin wata tukunyar mai ruwa, domin ruwa ba ya wuce digiri 100, kakin da aka ɗora kai tsaye a kan wuta kuwa zai iya kamawa, kuma idan ya kama rufe shi ake yi da murfi, zuba ruwa fantsama wutar yake yi. Farafin yana tsukewa idan ya huce ya bar rami a gindin lagwani, sai an ciko. Turarensa na mai ne, kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyin kakin; humra da duk turaren da ke da ruwa ba sa gamuwa da kaki, a ƙasa suke kwanciya.

Matsalar kyandir tana ga mai saye. Fitilar caji da ta sola da hasken wayar hannu sun ƙwace masa aikinsa na haskaka ɗaki idan an ɗauke wuta, kuma gobarar da yake jawowa idan aka kafa shi a kan roba ko kusa da katifa ta sa iyaye da yawa sun hana shi shiga gida. Farin kyandir na talakawa, wanda kilo ɗaya na kaki ke ba da guda 25 idan kowanne gram 40 ne, sai da mazubin ƙarfe mai ramuka da yawa yake biyan wahala. Kasuwar da ta rage mai ƙarfi ita ce ta majami'u, musamman a lokutan Kirsimeti da Ista, sai kuma ta kyandir mai ƙamshi a Abuja da Kaduna da wasu unguwannin Kano, wanda ake tallatawa a Instagram ana bayarwa kyauta a wajen biki. Amma a gidan Bahaushiya turaren wuta ya riga ya kama wurin ƙamshi tun kaka da kakanni, kyandir baƙo ne a wannan fage. Wadda ta riga tana sayar da turaren wuta da humra za ta iya ƙara shi a cikin kayanta, domin masu sayenta su ne masu sayensa; wadda ba ta da irin waɗannan mutane a hannu tana iya cika ɗaki da kaya masu kyau da babu mai tambaya.

Wani abin da ke raba sana'o'in uku shi ne inda kayansu suke fitowa. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tana da sashen fitar da kakin farafin, a 1988 kuma aka ƙara mata sashen samar da sinadarin da ake yin salfonik da shi, amma ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata, saboda haka mai kyandir da mai sabulun ruwa kusan duk kayansu farashin dala suke bi, kuma sun ji a jikinsu tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Mai sabulun sanda soda da turare ne kaɗai ke ɗaure shi da dala, sodar kuma a haɗin da na ba da misali ba ta kai kashi ɗaya bisa shida na nauyin mansa ba. Manja da alayyadi daga kudu suke zuwa, man kaɗe daga jihohin Neja da Kwara da Kebbi, kitse daga mahautar garinsu, kuma idan ɗaya ya yi tsada zai iya komawa ga wani muddin ya iya sake lissafin soda. Wannan 'yanci shi ne babban dalilin da ya sa na fifita shi.

Wanda ke da ɗan jari kaɗan, yana kuma da gidan abinci ko wurin wankin mota biyu ko uku da suka yi masa alkawarin saye, ya fara da sabulun ruwa, ya riƙe inganci ɗaya, ya manna suna a gorarsa, ya riƙa ware wani abu daga ribar domin sayen sikeli da mai. Wanda zai iya haƙurin wata biyu ba tare da ya taɓa jarin ba, yana kuma da ɗakin kullewa, ya tafi kai tsaye ga sabulun wanka, ya fara da kilo ɗaya, ya rubuta kwanan wata da ma'aunin kowane haɗi a littafi, ya yi wanka da shi shi da iyalinsa kafin ya miƙa wa wani. Haɗa biyun ma yana yiwuwa, tunda sikeli da bokiti da safar hannu da soda duk ɗaya ne, na ruwa yana kawo kuɗin cefane yayin da na sanda ke bushewa. Kayan kyandir kuwa nasa ne shi kaɗai, tukwanensa da mazubansa ba sa amfani a wajen sabulu, don haka shiga cikinsa sabon jari ne cikakke.

Da zarar ciniki ya wuce maƙwabta da 'yan uwa, aka fara tunanin kai kaya shaguna, sai a yi wa sunan sana'ar rajista a hukumar CAC, sannan a nemi lambar NAFDAC, wadda sabulun wanka da na wanki duk suke ƙarƙashin kulawarta, domin manyan kantuna ba sa karɓar kayan da ba su da ita. Tun kafin a kai nan ya kamata takardar da ke jikin kowane sabulu ta nuna abin da aka haɗa shi da shi, da nauyinsa, da watan da aka yi shi, da lambar wayar mai yin sa, domin wanda fatarsa ba ta jituwa da man gyaɗa ko wani turare ya sani kafin ya saya.